RIKICIN BURAIMI: ƘASA DA MAN FETUR DA SOJA A GABASHIN ƘASAR LARABAWA

Gabatarwa

Wannan takarda bayani ce ga hakimai da malamansu a kan wata gardamar iyaka da ta auku a gabashin ƙasar Larabawa, wadda aka yi shekara 25 ana ja-in-ja a kanta, daga 1949 har zuwa 1974. An san gardamar da sunan Buraimi, wani dausayi mai ƙauyuka tara a bakin hamada. Ko da ya ke wurin ƙanƙane ne, sai da maganarsa ta haɗa sarakuna uku, da Gwamnatin Ingila da ta Amurka, da manyan kamfanonin man fetur biyu, har ta kai ga an fitar da soja.

Dalilin da ya sa labarin ya cancanci a karanta shi da natsuwa shi ne, hujjojin da aka kafa a gaban alƙalai irin waɗanda a ke samu a akwatin kowane hakimi ne: littafin haraji, da takardun mubaya'a, da sunayen rijiyoyi da wuraren kiwo, da labarin wanda ya saba yanke shari'a a wuri kaza.

Inda Buraimi ta ke

Buraimi tana kamar mil 100 gabas da birnin Abu Dabi, a gindin duwatsun Hajar, kusa da wani babban dutse da a ke kira Jabal Hafit. Daga yammacinta da kudu maso yamma sai rairayi, har a shiga babbar hamadar nan da Larabawa ke kira Rub'ul Khali, watau rubu'in ƙasar da ba kowa. Hanyoyin fatake daga gaɓar Tekun Farisa, da daga Suhar ta bakin tekun Oman, da daga cikin ƙasar Oman, duk a nan su ke haɗuwa. Saboda haka wanda ya riƙe Buraimi ya riƙe ƙofar shiga Oman ta arewa.

Arzikin wurin ruwa ne. Tun zamanin dā mutanensa suka haƙa magudanai ta ƙarƙashin ƙasa, suna janyo ruwa daga gindin duwatsu har zuwa gonakin dabino. Irin wannan magudana sunanta falaj. Shida daga cikin ƙauyukan, watau Al-Ain da Jimi da Hili da Ƙattara da Mu'utarid da Muwaiji, suna bin Sarkin Abu Dabi. Sauran ukun, watau Buraimi kanta da Hamasa da Sa'ara, Sarkin Maskat da Oman ya ke lissafa su cikin ƙasarsa, amma shaihunansu na ƙabilar Na'im da Al Bu Shamis su ke tafiyad da al'amuransu, kusan ba mai sa musu hannu.

Yadda a ke mallakar ƙasa kafin zuwan mai

Kafin a fahimci gardamar, wajibi ne a san cewa hakki iri uku ne a kan ƙasar nan, kowane da ƙa'idarsa.

Na farko hakkin mai gona. Itacen dabino dukiya ce da a ke gāda, a sayar, a ba da waƙafi. Ruwan falaj kuwa rabonsa a ke yi da lokaci. A ƙasar Oman, da rana a kan auna rabon kowa da inuwar sanda, da dare kuma da fitowar taurari. Wannan hakki sananne ne, yana da shaidu, ba a cika ruɗewa a kansa ba.

Na biyu hakkin makiyayi. Kowace ƙabila tana da yankin da ta saba yawo da raƙumanta, da rijiyoyin da kakanninta suka haƙa. Sunan wannan yanki dira. Dira ba ta da turken iyaka. Shekarar da ruwa ya sauka a wani wuri, ƙabilu da yawa su kan taru can, in fari ya zo su watse. Bani Yas da Manasir da Awamir da Al Murra duk su kan ratsa yankunan juna, wani lokaci da amana, wani lokaci da faɗa.

Na uku hakkin sarauta. A wannan ƙasa sarki mutane ya ke mulka, ƙasa kuwa tana bin mutanen da ke kanta. Wanda ƙabila ta yi wa caffa, ta ba shi zakka, ta kawo masa ƙara, ta fita yaƙi in ya kira, shi ne sarkinta. In ta ga ya yi rauni, ko kyautarsa ta ragu, ta kan juya wajen wani. Don haka iyakar sarauta ta kan miƙe ta kuma tsuke gwargwadon ƙarfin mai ita. Muddin abin da ke hamada bai wuce ciyawa da ruwan rijiya ba, wannan tsari ya wadatar, ba wanda ya ga bukatar ja layi a kan rairayi.

Masu da'awa uku

Gidan Sa'ud sun kafa da'awarsu a kan tarihi. Tun wajen shekarar 1800 dakarun Najadu suka iso Buraimi, suka yi ta riƙe ta suna saki, suna karɓar zakka daga nan, har 1869 sa'ad da Imam Azzan ɗan Ƙais na Oman ya fitar da su. Daga wannan shekara ba su sāke ajiye wakili a wurin ba sai 1952. Amma bayan Sarki Abdul'aziz ya ci Hasa a 1913, Gwamnan Hasa ya riƙa aika masu karɓar zakkar raƙuma zuwa wuraren kiwo na yammacin Abu Dabi, wani lokaci har su kai Buraimi.

Gidan Al Nahyan na Abu Dabi sun kafa tasu da'awar a kan zama da aiki. Tun ƙarni na 19 su ke da gonaki da ganuwa a dausayin, ƙabilar Zawahir kuma tana biya musu haraji. Shaihu Shakhbut ya hau sarauta a 1928, ya kuma naɗa ƙanensa Shaihu Zayid wakilinsa a Al-Ain a 1946. Zayid ya gyara magudanan da suka toshe, yana sasanta ƙabilu, har sunansa ya kai nesa.

Sarkin Maskat, Sa'id ɗan Taimur, wanda ya hau a 1932, shi kuma ya ce ƙauyukan nan uku na Oman ne tun fil azal, ko da ya ke ikonsa a kansu bai taka kara ya karya ba.

Ingila ta shigo ne ta hanyar alkawari. A 1892 shaihunan gaɓar teku, har da na Abu Dabi, suka sa hannu cewa ba za su ba wata gwamnati ƙasa ba, ba kuwa za su yi ma'amala da ita ba, sai ta hannun Ingila. A 1922 suka ƙara da cewa ba za su ba kowa izinin haƙar mai ba sai wanda Ingila ta yarda da shi. Sarkin Maskat ba ya ƙarƙashin wannan alkawari, amma ya wakilta Ingila ta yi magana da yawunsa a kan Buraimi.

Zuwan kamfanoni

A 1933 Sarki Abdul'aziz ya ba wani kamfanin Amurka, Standard Oil of California, izinin neman mai a gabashin mulkinsa. Aka sami mai a Dammam a 1938, a 1944 kuma kamfanin da ke aikin ya ɗauki sunan Aramco. Takardar izinin ta ce gabashin mulkin Sa'udiyya, amma ba wanda ya san daidai inda mulkin ya tsaya.

A ɗaya gefen kuwa akwai Iraq Petroleum Company, wanda Turawan Ingila ke jan ragamarsa, ko da ya ke Faransa da Holan da Amurka duk suna da hannun jari a ciki. Rassansa suka sami izini daga Sarkin Maskat a 1937, daga Shaihu Shakhbut kuma a watan Janairu 1939, na shekara 75. Nan ma ba a faɗi iyaka ba.

Kamfanin mai ba ya iya aiki da iyaka mai tafiya. Kafin ya kashe dukiya ya haƙa rijiya, yana bukatar ya san sarkin da zai biya, da wanda zai tsare ma'aikatansa. Sarakunan su ma suka gane cewa kowane mil na rairayi mai yiwuwa ne ya zama taska, balle bayan 1950 sa'ad da Aramco ta yarda ta riƙa raba riba biyu daidai da Gwamnatin Sa'udiyya. Ta haka ne aka sami hakki na huɗu wanda kakanni ba su san da shi ba, watau hakkin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, shi ne kuma ya danne sauran ukun.

Wani abin mamaki shi ne, tun daga 1948 kamfanonin Amurka biyu, Standard Oil of New Jersey da Socony-Vacuum, suna da jari a Aramco suna kuma da shi a Iraq Petroleum Company. Ko ta ina aka ja layin, su dai ba za su tashi a tutar babu ba.

Layuka a kan taswira

Da fari Ingila ta riƙe wani layi da ta shirya da Daular Usmaniyya ta Turkiyya a 1913 da 1914. Sarki Abdul'aziz ya ce wannan bai ɗaure shi ba, tun da ba da shi aka yi ba. A watan Afrilu 1935 wakilinsa Fu'ad Hamza ya kawo layin Sa'udiyya, a watan Nuwamba kuma Ingila ta kawo nata, wanda aka sani da layin Riyad. Ba a daidaita ba har Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, magana ta kwanta. Abin lura shi ne, layin Sa'udiyya na 1935 bai haɗa da Buraimi ba.

A farkon 1949 masu safiyo na Aramco, da dogaran Sa'udiyya suna rakiyarsu, suka shiga yankin da Abu Dabi ke cewa nata ne. Wani hafsan siyasa na Ingila ya iske su a watan Afrilu ya ce su koma. A watan Oktoba na shekarar Sa'udiyya ta kawo sabuwar da'awa wadda ta haɗiye wajen kashi huɗu cikin biyar na ƙasar Abu Dabi, ta kuma ce maganar Buraimi tsakaninta ne da shaihunan wurin. Aka zauna a Landan a 1951, aka sāke zama a Dammam a farkon 1952, duk ba a ƙulla kome ba.

Shigar Turki ɗan Utaishan

Ran 31 ga watan Agusta, 1952, wani ma'aikacin Sa'udiyya, Turki ɗan Utaishan, ya iso Hamasa cikin motoci da mutane kamar 40 masu makamai. Shaihun Hamasa, Rashid ɗan Hamad, shi ya karɓe shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shaihunan ƙauyukan nan uku sun daɗe suna ganin cewa in za a biya kuɗin mai a kan ƙasarsu, su ya kamata a biya, ba Sarkin Maskat ba, wannan kuwa ita ce tsagar.

Turki bai harba bindiga ba. Tukunya ya ɗora, ya buɗe ƙofa, yana ciyad da duk wanda ya zo, yana raba kuɗi da tufafi, yana kuma karɓar takardun mubaya'a ga Sarki Abdul'aziz. Mutanen da suka sha talauci tun faɗuwar cinikin lu'ulu'u suka yi ta tururuwa.

Sarkin Maskat ya tara mayaƙa dubbai a Suhar, Imamin cikin ƙasar Oman ma ya kira nasa mutane, suka yi shirin tafiya Buraimi. Amma Amurka ba ta son a yi yaƙi da ƙasar da Aramco ke aiki a cikinta, jakadanta a Jidda ya shiga tsakani, aka ƙulla alkawari ran 26 ga Oktoba, 1952, cewa kowa ya tsaya inda ya ke. Ingila ta matsa wa Sarkin Maskat ya sallami rundunarsa. Ya sallame ta, girmansa kuwa ya ragu ƙwarai a idon ƙabilu saboda haka.

Da Ingila ta ga Turki bai daina neman mabiya ba, sai a 1953 ta sa aka tsare hanyoyin shiga Hamasa, da wata runduna ta 'yan ƙasa mai hafsoshi Turawa wadda ta kafa a 1951, da jiragen sama suna shawagi. Abinci ya yi wuya, kasuwa ta mutu. Waɗanda suka fi jin jiki su ne talakawan ƙauyen da masu raƙuman haya, waɗanda ba su da ko anini a kowane kamfani.

Shari'ar Janiba

Ran 30 ga Yuli, 1954, aka sa hannu a Jidda cewa za a kai magana gaban alƙalai biyar. Turki ya janye, aka yarda kowane gefe ya ajiye 'yan sanda da ba su wuce 15 ba a dausayin. Aka umurci alƙalan su duba tarihin hakkin sarakunan da na kakanninsu, da wanda mazauna wurin suka saba bi, da tsarin ƙabilu da yadda su ke zamansu, da wanda ya ke gudanad da hukunci a wurin.

Nan ne aikin malamai ya fito. Sa'udiyya ta kawo bayaninta cikin littafi uku, waɗanda masu binciken Aramco suka taimaka wajen shiryawa, cike da sunayen ƙabilu da rijiyoyi da lissafin zakkar da aka karɓa. Ingila ta kawo nata daga tsofaffin wasiƙu da rahotannin wakilanta na fiye da shekara 100.

Babbar gardama a kan zakka ta tsaya. Sa'udiyya ta ce wanda ya karɓi zakkar mutane shi ne shugabansu, ƙasar da su ke kiwo a kai kuma tasa ce. Ingila ta ce makiyayi ya kan biya wanda ya iske shi da ƙarfi don ya tsira da dabbobinsa, ya kan kuma biya sarki biyu a shekara guda in ya ratsa ƙasa biyu, saboda haka biyan ba ya nuna mai ƙasa. Duk hakimin da ya san yadda a kan yi da jangali a dā, sa'ad da garke ya yi damina a wata gunduma ya yi rani a wata, zai gane nauyin kowace hujja daga cikin biyun.

Alƙalan suka zauna a Janiba ta ƙasar Suwizalan a watan Satumba 1955. Shugabansu Charles de Visscher ne, mutumin Beljiyam, da ɗaya daga Kyuba, ɗaya daga Pakistan, sa'an nan Sir Reader Bullard na Ingila da Shaihu Yusuf Yasin na Sa'udiyya. Tun ba a kai ga maganar iyaka ba, Ingila ta kawo ƙara cewa ana shigo da kuɗi da makamai dausayin, har ta ce an yi wa Shaihu Zayid tayin abin da ya kai fam miliyan 30 don ya juya wa wansa baya, ya ƙi. Sa'udiyya ta musa. Ran 16 ga Satumba Bullard ya ajiye aiki, yana cewa Yusuf Yasin alƙali ne a zaure, kuma shi ne mai tafiyad da al'amarin Buraimi a Gwamnatinsa. Shugaban da alƙalin Kyuba suka bi bayansa. Sa'udiyya ta ce Ingila ta rushe shari'ar ne don ta hango za ta faɗi. Ko wanne ne gaskiya, ba a taɓa yanke hukunci ba.

Ƙarfin soja

Da asubahin ran 26 ga Oktoba, 1955, rundunar nan mai hafsoshi Turawa, tare da sojan Sarkin Maskat, ta shiga dausayin. Aka kama 'yan sandan Sa'udiyya aka fitar da su ta jirgin sama. An yi musayar wuta a Hamasa da Buraimi kafin shaihunan da ke goyon bayan Sa'udiyya su miƙa wuya. Aka bar su suka yi hijira zuwa Sa'udiyya, jama'a da dama kuma suka bi su, suka bar gidaje da gonaki. Firayim Minista Anthony Eden ya sanad da Majalisar Ingila a ranar, ya kuma ce daga yau layin Riyad, da ɗan gyara, shi ne iyaka.

Abin bai tsaya nan ba. A cikin ƙasar Oman, tun yarjejeniyar Sib ta 1920, Imami ke mulkin ƙabilu, Sarki yana riƙe da gaɓar teku. Masana duwatsu na kamfanin sun hango wani tudu, Fahud, sun ƙwallafa rai akwai mai a ƙarƙashinsa. A 1954 suka sauka a Duƙum da wata rundunar Sarki wadda kamfanin ke biyan kuɗinta, suka isa Fahud, aka kuma kama garin Ibri. Sabon Imami, Galib ɗan Ali, wanda aka zaɓa a wannan shekara, ya ce izinin da Sarki ya bayar bai shafi ƙasarsa ba. A watan Disamba 1955 sojan Sarki suka shiga Nizwa, hedkwatar Imami. A 1957 ƙanen Imami, Talib, ya dawo da mayaƙa da makamai daga Sa'udiyya, suka kori sojan Sarki. Sarki ya nemi gudummawa, Ingila ta aiko da soja da jiragen yaƙi. Aka yi ruwan bama-bamai a kan ƙauyukan Jabal Akhdar da magudanan ruwansu, kangon garin Tanuf yana nan shaida. A watan Janairu 1959 aka ci dutsen, Imami da manyan mutanensa suka tsere Sa'udiyya.

Rijiyar farko da aka haƙa a Fahud, wadda dominta aka faro wannan duka, ba ta ba da mai ba. Sai a 1964 aka same shi, ba nisa da ita, Oman kuma ta fara sayad da mai a 1967. Abu Dabi ta riga ta fara tun 1962, daga rijiyoyin cikin teku. A dausayin Buraimi kansa kuwa ba a sami man da ya isa ciniki ba.

Sulhun 1974

Sa'udiyya ta yanke hulɗa da Ingila a 1956 saboda yaƙin Suwez, ba a mai da ita ba sai 1963. Shaihu Zayid ya zama Sarkin Abu Dabi a 1966. Da Ingila ta janye daga yankin, aka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ran 2 ga Disamba, 1971, shi ne shugabanta na farko, amma Sarki Faisal ya ƙi amincewa da ita sai an gama maganar iyaka.

Ran 21 ga Agusta, 1974, Faisal da Zayid suka sa hannu a Jidda. Sa'udiyya ta bar da'awarta a kan Al-Ain da 'yan'uwanta, ta amince da sabuwar Daula. Ita kuma ta sami wani yanki na gaɓar teku kusa da Khaur al-Udaid, wanda ya raba Abu Dabi da Ƙatar ta tudu, da kuma filin man Shaiba a bakin Rub'ul Khali. Aramco ta fara fitar da mai daga Shaiba a 1998, a 2016 kuma ƙarfin filin ya kai ganga miliyan ɗaya a yini. Watau an bar dabino ga wanda ke zaune a gindinsa, mai kuwa ya tafi ga wanda ya fi ƙarfi. Bayan rasuwar Zayid a 2004 Daular ta sāke tā da maganar wasu sharuɗɗan. Oman da Sa'udiyya sun daidaita tasu iyakar a 1990.

Al-Ain ta zama babban birni mai jami'a, Buraimi kuma lardi ce ta Oman tun 2006. Mutanen da kakanninsu suka sha ruwan falaj ɗaya, yanzu shinge ya ratsa tsakaninsu, sai ta ƙofar iyaka su ke ziyartar juna.

Abin lura ga hakimai da malamansu

Na ɗaya, ƙasar da ba a damu da iyakarta ba, rana ɗaya ta kan yi daraja. Iyakar da dattawa biyu za su iya nunawa da sanda yau cikin raha, in an ji ƙanshin dukiya a ƙarƙashinta sai ta gagari alƙalai biyar. Rigakafi ya fi magani. A bi iyaka tare da maƙwabci tun ana shiri, a rubuta, kowa ya sa hannu. A Nijeriya ma akwai wuraren da wannan ya shafa, kamar Kolmani da ke kan iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamad da aikin haƙar mai a watan Nuwamba 2022.

Na biyu, littafin haraji hujja ce, amma yana da iyakar ƙarfinsa. Nijeriya ta ga haka a shari'arta da Kamaru. Ta nuna cewa mutanenta ke zaune a Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Tafkin Chadi, kuma hukumominta ke karɓar haraji a can. Ran 10 ga Oktoba, 2002, Kotun Duniya ta ce takardun iyaka da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1919 da 1931 sun rinjayi wannan, a watan Disamba 2003 kuma aka miƙa ƙauyuka fiye da 30. Saboda haka malami ya adana littafin haraji, ya kuma adana takardar iyaka da taswirarta fiye da shi.

Na uku, mubaya'ar da aka saya da kyauta ba ta da ƙarko. Takardun da Turki ya tara ba su tsare wa masu sa hannu gidajensu ba a 1955. Shugaban da baƙo ya zo masa da alheri mai yawa ba da dalili ba, ya kyautu ya tambayi abin da a ke so ya sa wa hannu, ya kuma sanad da na gaba da shi.

Na huɗu, hakkin sama daban, na ƙarƙashi daban. A Nijeriya, tun dokar man fetur ta 1969, mai na Gwamnatin Tarayya ne duk inda ya fito, tsarin mulkin 1999 kuma ya tabbatad da haka. Abin da ya rage wa manomi da makiyayi shi ne gonarsa da shukarsa da gininsa da burtalinsa da mashayarsa. Mai gonar da ke rubuce, da sunansa da girman gonarsa da shaidunsa, yana da bakin neman diyya. Makiyayin da burtalinsa bai shiga kowane littafi ba, shi a kan fara mantawa da shi, kamar yadda aka ja layuka a hamadar Larabawa ba a tambayi masu raƙuma ba.

Na biyar, soja ya kan kama wuri cikin yini guda, amma ba ya kashe gardama. Abin da aka ƙwata da bindiga a 1955 sai da aka koma aka zauna a kansa a 1974, aka kuma biya shi da ƙasa da mai. Tsakanin shekarun nan 19 an rasa rayuka, an rushe garuruwa, waɗansu kuma sun mutu a baƙuwar ƙasa ba su sāke ganin dabinonsu ba.

Ana fata hakimai za su sa malamansu su duba abin da ke akwatunansu na takardun iyaka da burtali da mashaya da gonakin gādo, a sabunta wanda ya tsufa, a rubuta wanda ke bakin dattawa tun suna da rai.